Baƙin fadama: yaushe za a je kallonsu kafin su koma Turai?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Kano. Na karanta cewa a ƙasashen Turai, da zarar sanyi ya fara ja da baya a watan Maris, mutane kan fita bakin tafkuna da koguna don tarbar agwagin ruwa da sauran tsuntsaye masu dawowa daga ƙaura. Shin mu ma akwai abin da za mu gani a wannan lokacin, ko kuwa sha'aninsu ne can? Ina so in fita da ɗalibaina, amma ban san lokacin da ya dace ba, ban san inda za mu dosa ba, ba mu kuma da kayan aiki."

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko abin da ka karanta ya shafe mu, in kuma ya shafe mu, yaushe za ku fita, ina za ku nufa, da me za ku riƙa. Amsar ta farko ita ce ya shafe mu ƙwarai, domin da yawa daga cikin tsuntsayen da Bature ke fita tarba a watan Maris daga hannunmu suka taso. Sun yi wata biyar ko shida suna kiwo a fadamunmu, suna shan ruwan da shanunmu ke sha. Abin da yake marhabin a can, a nan sallama ce, kuma na daɗe ina gaya wa abokan aikina cewa mai rakiya ya fi mai tarba ganin abin kallo, domin mu a tare muke ganinsu, garke-garke, kafin su watsu a faɗin Turai da Asiya kowa ya kama wurin sheƙarsa.

Sai dai a kula da kalma ɗaya. Lokacin da Turawa ke nufi, masu fassara kan kira shi bazara, alhali bazararmu zafi ce da ƙafewar ruwa, tasu kuwa narkewar ƙanƙara ce da tohon ganye. Saboda haka ka riƙa lissafi da wata, daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu, wato wutsiyar hunturu da shigowar zafi.

Me ke kawo su, me kuma ke mayar da su

Ba sanyi kaɗai ke koro tsuntsu daga Turai ba, yunwa ce. Idan ruwa ya daskare, agwagwa ba ta da inda za ta tsoma baki, idan ƙwari suka ɓace, tsattsewa ba ta da abin cafkewa a sama. A daidai wannan lokacin, daga Satumba zuwa Oktoba, damina ta gama cika mana fadamu, ciyawa ta zubar da 'ya'ya, ƙwari sun yawaita. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kaɗai, ban da agwagi da masu dogayen ƙafafu, kimanin biliyan biyu ne ke tsallako hamada daga Turai duk shekara. Ruwan farko da suke tararwa bayan sun ƙetare Sahara shi ne na wurare kaɗan: fadamar kogin Senegal, babbar fadamar kogin Kwara a Mali, Tafkin Chadi, da dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe.

Komawarsu kuma ba don sun ji labarin yanayin Turai ba ne. A jikin tsuntsu akwai agogon da Allah Ya saka masa, wanda tsawon yini ke daidaitawa. A Kano bambancin yinin Disamba da na Yuni bai wuce awa ɗaya da rabi ba, amma wannan ɗan ƙarin ya isa ya motsa shi ya fara canja gashi, ya dage da ci, ya tara kitse. Kitsen nan shi ne guzurinsa, domin a gabansa akwai hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, bayanta kuma ga Bahar Rum. Tun a ƙarshen shekarun 1960 masana suka zauna a Malam Fatori, a gaɓar Tafkin Chadi, suna kama ƙananan tsuntsaye suna auna nauyinsu a watannin Maris da Afrilu, suka ga yadda suke ƙiba da ƙananan ƙwarin bakin ruwa da 'ya'yan itacen asuwaki. Akwai wani ɗan tsuntsu mai zama cikin ciyawar bakin ruwa wanda nauyinsa bai fi giram 11 ba, amma kafin ya tashi yakan kusa ninka wannan nauyin. Da ka riƙe shi a tafin hannu ka hura gashin ƙirjinsa, sai ka ga kitsen rawaya a ƙarƙashin fata.

Wannan ne ya sa halin da ruwanmu yake ciki ake ganin sakamakonsa a can. A shekarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a shingayensu ya ragu da fiye da rabi a tafiya ɗaya. Da aka bi sawu, sai aka tarar farin da ya fara a yankin Sahel ne ya cinye su. Farin da ya kashe mana dabbobi a 1973 da 1984 ya rage tsuntsaye a gonakin mutanen da ba su taɓa jin sunan Gashuwa ba.

Lokacin da ya fi dacewa

In da zan zaɓar muku mako uku kacal a shekara, zan ce makon ƙarshe na Fabrairu da biyun farko na Maris. Dalilaina daga fili na samo su. A Nuwamba ruwa ya yi yawa, tsuntsayen sun bazu a wuraren da ƙafa ba ta kaiwa. A Janairu ake yin babbar ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, amma sau da yawa hazon hunturu kan rufe ido har ka kasa bambance dinya da kututture a tazarar da ba ta kai filin ƙwallo biyu ba. Zuwa ƙarshen Fabrairu hazo ya fara sauƙi, ruwa ya janye ya bar kududdufai da taɓo, abin da ya warwatsu ya taru wuri ɗaya. Ga shi kuma mazan sun sa kayan ado na neman aure, ganewa ta yi sauƙi ko ga yaron da yau ne farkon fitarsa.

Ba rana ɗaya suke tashi ba. Manyan agwagi ne kan fara raguwa tun cikin Fabrairu, ƙananan su biyo baya a Maris. Masu yawo a taɓo kan kai Afrilu, tsattsewa da wasu ƙanana har farkon Mayu ana ganin na ƙarshensu suna wucewa. Amma kada ka ɗauki wannan a matsayin jadawalin da ba ya motsi, domin shekarar da ambaliya ta yi ƙarfi ruwa kan daɗe, shekarar da ta gaza kuwa tafkin da na samu cike da agwagi bara sai in tarar an shuka masa kankana. Kafin ka ɗauki mota, ka tambayi wani na kusa da wurin ko akwai sauran ruwa.

Waɗanda za ku fara ganewa

Ka fara da 'yan gida, domin wanda bai san na gida ba ba zai gane baƙo ba. Ƙirinjijiya za ku fara ji kafin ku gan ta: fito ne siriri mai gaɓa uku, garke duka na yi tare, ga farar fuska, ga dogon wuya, tana tsaye cak a bakin ruwa. Dinya ita ce babbarsu, baƙa da fari, mai jan baki, da ƙaya a gwiwar fiffike. Dani kuwa namijinsa na da tudu a kan baki, wanda ke ƙara kumbura da damina. Akwai zalɓe mai tsayuwa kamar an dasa shi, da jinjimi, da balbela a bayan shanu, da zakaran ƙeƙuwa wanda da ya hango ku zai ɗaga murya ya tona muku asiri, da wata mai dogayen yatsu da ke taka ganyen bado ba ta nitsewa. Gauraka kam, wadda iyayenmu suka saba gani a fadama, ta yi ƙaranci a Nijeriya har ganinta a daji ya zama labari. In kuka yi katari da ita, ku rubuta ranar da wurin.

Cikin baƙi, wadda na fi so ka nuna wa yara ita ce ƙaramar agwagwar da littattafan Ingilishi ke kira garganey. Ba ta kai ƙirinjijiya girma ba. Namijin a wannan lokacin kansa ruwan ƙasa ne mai duhu, da farin zane mai kauri da ya taso daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, kamar an ja masa alli. Kukansa ba irin na agwagwar gida ba ne, ƙara ce busasshiya, kamar ka ja farce a kan haƙoran matsefi. Ta bambanta da sauran agwagin Turai da cewa kusan dukkanta kan bar nahiyar da sanyi, kuma mafi yawan masu zuwa Afirka a wannan ɗamarar tamu ta Sahel suke zama. Mutanen Italiya sun raɗa mata suna daga sunan watan Maris, saboda a watan take ratsa ƙasarsu. Wato wadda kuka gani a Nguru ranar 5 ga Maris, ba mamaki kafin watan ya ƙare wani na kallonta a can.

Wata safiya a farkon Maris, wani masunci ya tura ni cikin kwalekwale ta wata siririyar hanya tsakanin kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, tun kafin rana ta ɓullo. Da muka fito fili sai ya kafa gorarsa ya tsayar da mu, ya nuna da haɓa. Ruwan gabanmu ya yi duhu kamar an shimfiɗa bargo, sai da haske ya ƙaru na ga fararen giraren garganey ɗaruruwa suna juyawa. Muka yi kusan rabin awa ba wanda ya ce uffan. Can wani shaho mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa ya ratso, shi ma baƙo ne daga Turai, sai garken ya tashi gaba ɗaya da ƙara kamar an yage sabon yadi, ya yi kewaye biyu ya sauka. Da na koma bayan kwana goma sha biyu, ƙirinjijiya kaɗai na tarar da 'yan tsirarun baƙi.

Tare da garganey za ku iya ganin agwagwa mai tsinin wutsiya, wadda namijinta ke da farin ƙirji da dogon wuya siriri, da mai baki kamar cokali, wadda ke tafe tana tace ruwa. A gonakin shinkafa da aka girbe kuwa akwai wani mai matsakaicin baki da ake kira ruff, yana tsintar ƙwayar da ta zube. Abin da ke rikitar da sabon shiga game da shi shi ne namiji ya fi mace girma sosai, har ka ɗauka iri biyu ne a garke ɗaya. Wasunsu har Saiberiya suke zuwa yin ƙwai. Ku kuma duba ƙarƙashin ƙafafun shanu a makiyayar bakin ruwa: akwai ɗan siririn tsuntsu mai kaɗa wutsiya sama da ƙasa, yana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. A Disamba launinsa a dushe yake, a Maris kuwa cikin namijin ya zama rawaya shar kamar an tsoma shi a rini mai launin ɗorawa, kuma launin kansa kan nuna yankin da zai koma, wani toka-toka, wani shuɗi-shuɗi, wani baƙi ƙirin.

Ba zan ɓoye maka ba, matan agwagin nan da ƙananan masu yawo a taɓo suna da wuyar bambancewa, kuma ko bayan shekaru ina wannan aiki, akwai ranar da nake rubuta "agwagwa, ba a tantance ba" in wuce. Ka koya wa yara haka tun farko. Rubutun da ya tsaya inda ido ya tsaya ya fi amfani a kan suna mai daɗi da aka yi cinta.

Inda za ku dosa

Dausayin Haɗeja da Nguru shi ne gaba. An rubuta ganin tsuntsaye fiye da iri 370 a cikinsa, daga fiye da 900 da ake da su a Nijeriya duka. Tafkin Nguru da mashigar Marma ne wuri na farko a ƙasar nan da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, sannan Baturiya ta ƙaramar hukumar Kirikasamma da Dagona ta ƙasar Bade suka shiga a 2008. Dagona na ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, saboda haka sai da izinin ma'aikatan gandun ake shiga, su ne kuma za su haɗa ku da ɗan rakiya. Nan ne Yarima Filif, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya ziyarta a 1989.

Duk da haka, shawarata ita ce kada ka fara da doguwar tafiya. Kana Kano, ga gonakin shinkafa na Kura da Kadawa, ga Bagauda da Tiga, ga madatsar Tomas ta wajen Dambatta. Mutumin Sakkwato na da tafkin Kware da fadamar Rima, na Bauchi na da Maladumba kusa da Misau, 'yan'uwanmu na Nijar na da Madarunfa da Tabalak da Gidimuni. Kududdufi ɗaya na kusa da makaranta da za ku riƙa zuwa duk Asabar daga Fabrairu zuwa Mayu zai koya wa yara abin da ziyarar yini ɗaya a Dagona ba za ta koya musu ba, domin ƙaura ba a ganinta a rana ɗaya, sai an ga wuri cike sannan an dawo an gan shi wayam. Gaɓar Tafkin Chadi kuwa, a halin tsaron da ake ciki, ba wurin kai ɗalibai ba ne.

In kun je Haɗeja za ku ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma na kuka da ita, jan-baki kuma na samun maɓoya a cikinta. Asalin abin yana komawa ga sauyin da madatsun Tiga, ta 1974, da Challawa, ta 1992, suka kawo wa tafiyar kogin. Da can ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, ya ƙafe da rani. Yanzu ambaliyar ta ragu, wasu hanyoyin kuma ba sa bushewa sam, abin da kacala ke so ke nan. Agwagwa kuwa buɗaɗɗen ruwa mara zurfi take nema. Wannan darasi ne da malamin kimiyya zai iya koyarwa yana tsaye a bakin ruwan.

Kayan aiki da ladabin wurin

Rashin kaya ba zai hana ku ba. Madubin hangen nesa guda ɗaya, irin wanda aka rubuta wa 8x42, ya ishi yara biyar su riƙa karɓa-karɓa, in babu ma, manyan tsuntsayen ruwa ido na ganinsu. Abin da ba a fita ba shi shi ne littafin rubutu da fensir. Ku isa wurin da an sallame Asuba, ku tashi kafin ƙarfe goma, domin daga nan zafi kan sa iska ta riƙa rawa a kan ruwa, komai ya dagule. Ku tsaya ta gabas da safe don rana ta kasance a bayanku. A bar farar riga a gida, a sa mai launin ƙasa, a zauna a gindin itace ko bayan kunya maimakon tsayuwa a kan tudu. Garke in ya yi yawa, a ƙirga goma, a riƙe girman wannan goman a ido, sannan a auna sauran da shi goma-goma, kowane yaro ya rubuta nasa kafin a gwama.

Abin da na fi jaddadawa shi ne kada a tayar da su don a ga tashinsu ko a ɗauki hoto. Na taɓa yin wannan kuskure ina sabon shiga, na matsa kusa fiye da kima, garke ya tashi bai dawo ba duk safiyar, kuma har yau abin na damuna, domin duk tashin banza kitsen ƙetare hamada ne ya ƙone. In ka ga sun daina kiwo sun miƙe wuya, to kun kai iyaka, ku ja da baya.

Ku fara gaida mai unguwa, ko bulama in a ƙasar Yobe ne, ku kuma nemi sarkin ruwa ko wani dattijon masunci. Su suka san inda tsuntsu ke kwana, a bakinsu kuma yara za su ji sunayen da babu su a littafi, na Hausa da na Badanci da na Barbarci, su rubuta su yadda aka faɗa. Kada yaro ya shiga ruwan kwance saboda tsargiya, kada kuma a taɓa mataccen tsuntsu, tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a 2006 takan sake dawowa lokaci-lokaci. In an ga matattu da yawa wuri ɗaya, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Wani lokaci mafarauci ko masunci zai nuna muku ɗan zoben ƙarfe da ya cire daga ƙafar tsuntsu, wasu har tsoronsa suke ji. Ba asiri ba ne, masu bincike ne suka sa, da lamba da sunan garin da za a aika labari. Ku kwafi duk abin da ke jiki, da ranar da wurin da aka samu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana tattara bayanan masu kallo daga ko'ina a ƙasar nan don taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma abin da ɗalibanka suka rubuta da gaskiya zai shiga ciki. A Turai an daɗe ana rubuta ranar isowar kowane tsuntsu, ranar tashinsa daga nan kuwa masu rubutawa kaɗan ne, kuma wannan giɓi ne da 'yan sakandare za su iya cikewa.

Mu ma muna da wadda muke tarba

Kada ku rufe littafin da tafiyar baƙin Turai. Daidai lokacin da na ƙarshensu ke barinmu, shamuwa na kan hanyarta ta dawowa daga gabashi da kudancin Afirka, inda ta bi ruwan sama ta yi watannin raninmu. Ita ba ta san Turai ba, a nan take ƙwai, a kan tsamiya ko kuka ko rimi a tsakiyar gari, kuma ba banza ba ne manomi ke fara gyaran gona da ya gan ta, yara kuma aka hana su jifarta. A ƙasar Hausa takan iso ne tsakanin Afrilu da Mayu, kudu kafin arewa. Ka sa kowane ɗalibi ya tambayi tsofaffin unguwarsu ko ƙauyensu itacen da shamuwa ta saba sauka, ya riƙa dubawa safe da yamma, ya rubuta ranar da ta fara bayyana, da yawan sheƙar da aka ɗinka, da ranar da ruwan shuka ya sauka bayan haka. Baɗi in Allah Ya kai mu, 'yan ajin da ke biye su ɗora a shafi na gaba.